Camembert ko Roquefort: wane ƙauyen Faransa ya cancanci kuɗin motarka?

Akwai ƙauyuka biyu a Faransa da sunansu ya zagaya duniya, alhali in an tara mutanen cikinsu gaba ɗaya ba za su kai 800 ba. Ɗaya Camembert ne, a yankin Normandi da ke arewa maso yamma, ƙasar shanu da ruwan sama. Ɗayan kuma Roquefort-sur-Soulzon, can kudu a gundumar Aveyron, ƙasar tumaki da duwatsu. Dukansu cuku ne ya fito da su. Wanda karatu ko kasuwanci ya kai shi Faransa, ko ya je baje kolin noma da ake yi a Paris ƙarshen watan Fabrairu, ya kuma samu 'yan kwanaki yana son ganin yadda makiyayin Bature yake rayuwa a ƙauyensu, da wuya ya haɗa su biyun a tafiya ɗaya, don tsakaninsu ya haura kilomita 700. Dole ya zaɓa. Ni dai Roquefort nake nuna wa mutum, amma ba kowa ne ya dace ya bi wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalili.

Camembert ya fi kusa da Paris, kusan kilomita 200, tafiyar awa uku ko ƙasa da haka a mota. Yana cikin gundumar Orne, a ɓangaren da ake kira Pays d'Auge, kilomita 5 kacal daga garin Vimoutiers. Ƙasar tuddai ce marasa tsayi da kwaruruka, wani ɗan rafi mai suna Viette yana bin gindin ƙauyen. Teku ba nisa, saboda haka ruwan sama ba ya yankewa, ba zafi mai tsanani ba sanyi mai tsanani, ciyawa kuma kore shar kusan duk shekara. Gonakin ƙanana ne, kowace an kewaye ta da shingen itatuwa masu rai, a ciki itatuwan tuffa jere, shanu na kiwo a ƙarƙashinsu. Saniyar yankin, wadda ake kira Normande, fara ce mai dabbare-dabbaren ja ko baƙi, da baƙin zobe kewaye da idanunta, kuma nononta na da kauri da maiƙo. Gidajen na katako ne da yumɓu, ana ganin gumaguman katakon a jikin bango. In abin da kake so shi ne idonka ya huta da ganin kore, Camembert ba shi da na biyu a cikin su biyun.

Sai dai ƙauyen kansa ɗan mitsitsi ne. Mutanensa ba su kai 200 ba, yawancinsu kuma a warwatse suke a gonakinsu. Tsakiyar gari coci ce, da ofishin magajin gari, da gidan tarihin cuku wanda aka gina wani ɓangarensa zagaye da siffar akwatin cukun, da gidaje 'yan kaɗan. Kafin shayinka ya huce ka gama zagaya shi.

Roquefort wata duniya ce dabam. Yana liƙe a jikin wani dutse mai suna Combalou, a tsayin mita 600 da ɗoriya, yana kallon kwarin rafin Soulzon. Kewaye da shi tuddan nan ne masu faɗi da Faransawa ke kira Causses, babbansu shi ne Larzac. Ƙasar dutsen farar ƙasa ce mai ramuka. Ruwan sama na sauka, amma ba ya zama a bisa, nan take yake zurarewa cikin tsagogi ya ɓace ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga fili fetal, ciyawa gajera, ƙaya da tsakuwa, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Hunturu da sanyi, bazara da rana. Saniya ba ta jin daɗin irin wannan wuri, tunkiya ce ke iya masa. Don su shayar da garke, makiyayan da suka gabata sun riƙa haƙa tafkuna masu zagaye suna daɓe su da dutse ko yumɓu su tare ruwan sama, ana kiransu lavogne, har yau kuma suna nan ana amfani da wasu. Akwai ɗakunan tumaki na dutse zalla, har rufin, domin itace ya yi ƙaranci, akwai kuma burtalai da garkuna suka shekara ɗaruruwa suna bi. Saboda wannan tsohon tsarin kiwo ne UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Duk wanda ya tashi a inda ake tafiya neman ruwa da ciyawa zai fahimci wannan ƙasa tun kafin a yi masa bayani.

Amma kada a ruɗe ka da hoto. Ƙauyen Roquefort ba shi da kyan gani irin na Camembert. Titi ne dogo yana hawa jikin dutse, gine-ginen kamfanoni masu hawa-hawa a matse da juna, manyan motoci na shiga da fita, gidaje da dama a rufe domin ma'aikata sun gwammace su kwana a Saint-Affrique ko Millau su zo aiki da safe. Mazauna 500 ne da 'yan kai, kuma dutsen da ke kansa yana tare masa rana a cikin hunturu. Abin kallon Roquefort a ƙarƙashin ƙafarka yake.

Tun kafin tarihi, wani sashe na dutsen Combalou ya rufta, ya bar tarin manyan duwatsu da koguna a tsakaninsu, tsawon kusan kilomita 2, faɗin mita 300. Tsagogin da ke ratsa wannan tari, waɗanda mutanen wurin ke kira fleurines, suna haɗa cikin kogunan da waje. Iska na bi ta cikinsu tana ɗaukar laimar dutse, sai cikin kogon ya zauna da sanyin digiri 8 zuwa 10 rani da damina, danshinsa kuma kusan kashi 95 cikin 100. Aikin randa ne a girman dutse: iska da laima suna sanyaya abin da ke ciki ba tare da inji ba. In mai yi maka jagora ya ce ka miƙa hannu bakin tsagar, za ka ji iskar na fitowa da sanyi tana taɓa tafin hannunka. Masu kula da kogon suna buɗe ƙananan ƙofofi da tagogi ko su rufe, gwargwadon yadda suke son iskar ta shiga, kuma wannan sani ne da ake koya a wurin na gaba. A kan waɗannan koguna aka gina ƙauyen, hawa bisa hawa, shi ya sa ya matse haka.

Madarar ta tunkiyar Lacaune ce kaɗai, ɗanya, ba a dafa ta ba, ba a kuma yaɗe mata mai ba. Ana tattaro ta daga gonakin Aveyron da sassan gundumomin da ke maƙwabtaka, irin su Tarn da Lozère da Hérault da Gard da Aude. Ana barin ɗan tunkiya ya sha nono kusan wata guda, sannan a fara tatsa. Dunƙule ɗaya na cuku, mai nauyin kilo 2 da rabi zuwa 3, yana cin kusan lita 12 na madara. Ana zuba masa wata fumfuna mai suna Penicillium roqueforti, wadda a al'adance ake renonta a jikin burodin da aka ajiye har ya yi kore. Bayan an shafa gishiri, sai a huda dunƙulen da dogayen allurai domin iska ta shiga, a jera shi a kan katako cikin kogo aƙalla kwana 14 tsirara. In fumfunar ta yi jijiyoyinta masu shuɗi da kore yadda ake so, sai a naɗe shi a takardar kuza don a rage mata gudu, ya ci gaba da nuna a hankali. Ba ya fita kasuwa sai ya cika kwana 90. Matan da ke wannan naɗi tun da can suna da sunansu, cabanières, kuma saurin hannunsu abin tsayawa kallo ne.

Aikin Camembert bai kai wannan ban mamaki ba, amma yana da nasa kyau, kuma ana ganinsa kusa-kusa. In madara ta daskare, mai aiki na ɗiban ta da ludayi yana zubawa a cikin wasu gwangwanaye masu huji, ba tare da ya farfasa ta ba. Sau biyar ake zuba wa kowane gwangwani, ana jira kusan minti 40 tsakanin ludayi da ludayi domin ruwan ya tsane. Lita 2 da ɗan wani abu ke ba da ƙaramin cuku mai giram 250. Bayan sati uku ko fiye kaɗan ya yi farar riga mai laushi, cikinsa ya fara narkewa, sai a sa shi cikin akwatinsa na siririn katako. A ƙauyen akwai gonar La Héronnière inda ake tatsa a kuma yi cukun a wuri ɗaya, baƙo na iya leƙawa ta gilashi ya ga masu ludayi a bakin aiki. Wanda ke tunanin kafa ƙaramar sana'ar sarrafa madara, wannan ya fi kusa da abin da hannunsa zai iya, domin ba ya bukatar kogo.

A tarihi ne hanyoyin ƙauyukan biyu suka rabu sosai, kuma a nan ne zaɓina ya samo asali.

Labarin da ake ba kowane baƙo a Camembert shi ne na Marie Harel, wata manomiya da aka haifa a 1761. An ce a 1791, lokacin juyin juya halin Faransa, ta ɓoye wani limamin coci da ya gudo daga yankin Brie a gidan gonar Beaumoncel, shi kuma ya saka mata da sirrin yin cuku. Gidan na nan a kan tudu sama da ƙauyen. Masana tarihi ba su gamsu da labarin limamin ba, domin tun a 1708 Thomas Corneille ya ambaci cukun Camembert da ake sayarwa a kasuwar Vimoutiers. Abin da ba a musu a kai shi ne 'ya'yan Marie Harel da jikokinta ne suka mayar da abin sana'a babba. Sauran aikin zamani ya ƙarasa. Jirgin ƙasa ya haɗa Normandi da Paris a tsakiyar ƙarni na 19, a 1890 aka fito da akwatin katakon nan da ya ba cukun damar yin doguwar tafiya ba tare da ya lotse ba, a Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma aka riƙa aika wa sojoji shi a fagen daga, suka koma garuruwansu da son sa.

Farin jinin ne ya jawo asara. Kowa ya shiga yin cuku yana kiransa camembert, a ko'ina cikin Faransa har da ƙasashen waje. Masu yinsa a Normandi suka kai ƙara, amma a 1926 kotun ɗaukaka ƙara ta Orléans ta yanke cewa sunan ya riga ya zama na kowa. Sai a 1983 aka samu kariya ga suna mai tsawo, Camembert de Normandie, da sharuɗɗansa: ɗanyar madara, zubi da ludayi, aƙalla rabin garken ya zama shanun Normande, su kuma yi wata shida a kiwon fili. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ɗan ƙaramin kaso ne na camembert da ake ci a duniya, an kuma shafe shekaru ana jayayya da manyan masana'antu kan rubuta sunan Normandi a jikin cukun da aka yi da dafaffiyar madara. Sakamakon a fili yake a ƙauyen: suna ya tafi duniya, aiki da kuɗi suka bi shi, aka bar wa ƙauye gidan tarihi.

Mutanen Roquefort kuwa sun riga kowa farkawa. A 1411 Sarki Charles na Shida ya ba su takardar da ta keɓe musu nunar da wannan cuku a kogunansu. A 1666 majalisar shari'a ta Toulouse ta sa hukunci kan masu sayar da na jabu. Ranar 26 ga Yuli 1925, shekara guda kafin Camembert ya rasa sunansa a kotu, majalisar Faransa ta yi dokar da ta mayar da Roquefort cuku na farko da aka ɗaure sunansa da wurin da ake yinsa. A 1930 masu tumaki da masu koguna suka kafa ƙungiya ɗaya da ke zama kan harkar madara da tsaron sunan, a 1961 kuma kotun Millau ta tabbatar cewa duk cukun da bai kwana a kogunan Combalou ba, ba Roquefort ba ne. Yau kamfanoni bakwai ne ke da koguna a ƙauyen, daga Société, wanda aka kafa a 1842 kuma shi ne babba, zuwa Papillon da Gabriel Coulet da ƙananan gidaje irin su Carles. Suna fitar da dubban tan a shekara, kuma kowane dunƙule sai ya bi ta wannan titi ɗaya. Ba na cewa komai lafiya lau ne. Société yana hannun katafaren kamfanin Lactalis, wanda shi ne kuma mai tambarin Président da ke cika kantuna da camembert, makiyaya na kuka da farashin madara, masu cin Roquefort kuma suna raguwa sannu a hankali. Amma ba wanda zai iya ɗauke masana'antar ya kai ta inda ƙwadago ya fi araha, domin doka ta ɗaure ta da dutsen.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, domin kada wani ya ci da sunansu. Jami'in gona ko shugaban ƙungiyar manoma da ke son ganin abin da irin wannan rajista ke haifarwa bayan shekara ɗari, da abin da rashinta ke jawowa, ga misalan biyu a ƙasa ɗaya, kuma a Roquefort ne zai samu mutanen da za su nuna masa yadda ake tsaron suna a aikace.

Akwai wani tarihi na kusa da ya sa nake ƙaunar wannan yanki. A 1971 gwamnati ta ba da sanarwar faɗaɗa sansanin soja da ke kan tudun Larzac daga hekta 3,000 zuwa kusan 17,000, abin da zai cinye makiyayar tumakin da ke ba Roquefort madara. Manoma 103 suka yi rantsuwa ba mai sayar da gonarsa, ba kuma mai tashi. Ba su ɗauki makami ba. A 1972 suka loda tumaki a mota suka sake su suna kiwo a gindin hasumiyar Eiffel, a 1973 suka kama hanyar Paris da taraktoci, suka kuma gina katon ɗakin tumaki na dutse a La Blaquière, a kan filin da soja ke nema, ba tare da izini ba, mutane daga ko'ina suna zuwa taya su ɗaukar dutse. Shekara goma ana wannan ja-in-ja, har François Mitterrand ya hau mulki a 1981 ya soke shirin. Filayen da gwamnati ta riga ta saya, sama da hekta 6,000, an ba da su haya ga wata ƙungiyar mazauna wurin tun 1985, ita ke raba wa masu son noma da kiwo. Ɗakin tumakin La Blaquière na nan tsaye. Daga cikin waɗannan mutane ne José Bové ya fito, wanda a watan Agustan 1999 ya jagoranci makiyaya suka kwance ginin McDonald's da ake kan yi a Millau, bayan Amurka ta ɗora wa Roquefort harajin kashi 100 cikin 100 don ramuwar hanin da Turai ta yi na shigo da naman shanunta da ake yi wa allurar ƙiba. An ɗaure shi a kan haka. Ko mutum bai yarda da hanyar da suka bi ba, zai gane cewa makiyayan nan ba sa wasa da abincinsu.

Tarihin da ke kewaye da Camembert na yaƙi ne, kuma mai nauyi. Ranar 14 ga Yuni 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙawance suka yi wa Vimoutiers ruwan bama-bamai, kusan mutum 200 suka mutu, garin ya zama kango. Mutum-mutumin Marie Harel da aka kafa a 1928 ya rasa kansa a ranar, sai a 1956 ma'aikatan wata masana'antar cuku a jihar Ohio ta Amurka suka yi karo-karo aka yi sabo. A bakin garin akwai tankar yaƙin Jamus samfurin Tiger da aka bari tun lokacin. Gaba kaɗan kuma tudun Mont-Ormel ne, inda sojojin Poland suka tare hanyar rundunar Jamus da ke neman tserewa a watan Agustan 1944, a ƙarshen yaƙin Normandi. Daga kan tudun ana hango kwarin gaba ɗaya, akwai gidan tarihi a wurin. Mai son dawaki kuma kada ya bar yankin bai je Haras du Pin ba, gidan kiwon dawakin sarauta da aka fara ginawa a 1715, tafiyar rabin awa daga ƙauyen, inda zai ga manyan dawakan Percheron masu jan kaya. Gaskiya in aka haɗa waɗannan da ƙauyen, yini guda ya cika tam, kuma yara za su fi jin daɗinsa a kan hawa da saukar matakala cikin kogo mai sanyi.

Kusa da Roquefort kuwa akwai gadar Millau, da aka buɗe a Disamban 2004, tsawonta mita 2,460, ƙololuwarta mita 343 daga ƙasa, ta ratsa kwarin kogin Tarn. Akwai La Couvertoirade da Sainte-Eulalie-de-Cernon, tsofaffin ƙauyuka masu ganuwa tun zamanin mayaƙan coci. Millau kanta ta yi suna da safar hannu ta fatar 'yan tumaki, sana'ar da kiwon madara ya haifar. A cikin ƙauyen kuma, in ƙafarka na da ƙarfi, ka hau dutsen Saint-Pierre inda tsohuwar ƙaramar coci take, ka ga yadda gari ya rataye tsakanin dutse da kwari.

Zuwa Roquefort shi ne wahalar. Daga Paris ya haura kilomita 600, yini guda ne a hanya, saboda haka tafiyar na son kwana uku. Wanda ke zaune a Montpellier ko Toulouse ko Clermont-Ferrand shi ya ci riba: daga Montpellier awa ɗaya da rabi ne ta babbar hanyar A75. Akwai tashar jirgin ƙasa a Tournemire, 'yan kilomitoci ƙasa da ƙauyen, amma jiragen da ke tsayawa ba su da yawa a yini. Camembert ba shi da tasha ko kaɗan. Sai ka sauka a Argentan ko Lisieux ka nemi mota. A duka biyun, in ba ka da motar haya ko abokin da zai tuƙa ka, rabin abin da na lissafa ba za ka gan shi ba. Masauki ma a garuruwan kusa ya fi samuwa, Vimoutiers ga mai zuwa Camembert, Saint-Affrique ko Millau ga mai zuwa Roquefort.

Lokacin zuwa ya fi muhimmanci a Roquefort. Tatsar tumaki ta fi ƙarfi daga hunturu zuwa tsakiyar bazarar Turai, don haka watannin Afrilu da Mayu da Yuni ne kogunan ke cike da cuku, tudun kuma ya yi fure. In ka je a ƙarshen shekara kana iya tarar da katakai da yawa babu komai a kai. Ka riƙe rigar sanyi ko da a Yuli ne. Wasu kamfanonin na shigar da baƙi kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan. Camembert ya fi haƙuri da lokaci, sai dai ya fi kyau a Mayu in tuffa ta yi fure, kuma gidajen tarihin ƙauye kan rage aiki ko su rufe a hunturu. Laima dai kada ta bar hannunka.

Ga Musulmi akwai abubuwan lura. Tuffar Normandi yawancinta giya ake yi da ita, cidre da calvados, a wuraren ɗanɗana cuku kuma sukan miƙo kofi tare da shi. Ka ce jus de pomme kake so, ruwan tuffa zalla, suna da shi kuma yana da daɗi. A gidan abinci ka tambaya, domin sukan dafa kaza ko kifi da giyar. Teurgoule, shinkafa da madara da kirfa da ake gasawa awanni a tanda, ba ta da matsala. A Aveyron abincin da za a fara nuna maka shi ne aligot, dankali da cuku da aka tuƙa har yana jan zare, amma sau da yawa da naman alade ake kawo shi, sai ka ce a ba ka shi kaɗai. Cukun biyu duka ana daskarar da madararsu ne da wani ruwa da ake samu daga tumbin ɗan dabba mai shan nono, malamai kuma sun saɓa kan hukuncinsa in ba yankan Musulmi ba ne, don haka mai shakka ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi. Babu masallaci a ko ɗaya daga ƙauyukan, ka tafi da dardumarka. Hukumomin lafiyar Faransa kuma suna hana mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 5 ba cin cukun ɗanyar madara, wannan ya haɗa da su biyun.

Batun ɗanɗano, kada in ɓoye maka: Roquefort na da gishiri da yaji-yaji da wari mai ƙarfi, ganin koren jijiyoyinsa kaɗai kan sa baƙo ya janye hannu. Ka fara da ɗan kaɗan a kan burodi da man shanu, ko da zuma. Camembert da bai nuna sosai ba ya fi sauƙin shiga baki, shi ya sa wanda ya zo da iyali zai fi samun abin da kowa zai ci a can.

To, in a Paris kake, yini ɗaya ko biyu gare ka, kana tare da mai ɗaki da yara, ko shanu da dawaki ne abin sonka, ko kana neman ganin ƙaramar sana'ar da mutum biyar za su iya riƙewa, kama hanyar Camembert, ka haɗa da Vimoutiers da Mont-Ormel da safe, Haras du Pin da yamma. In kuwa kana da kwana uku, ko kana zaune a kudu, kuma abin da ke damunka shi ne yadda ake kiwo a ƙasa mai ƙarancin ruwa, da yadda makiyayi ke tsare filinsa da sunan kayansa, Roquefort ne naka. Ka kwana a Millau, ka shiga kogon babban kamfani ɗaya da na ƙaramin gida ɗaya don ka ga bambancinsu, washegari ka hau Larzac. Ofishin baƙi da ke bakin ƙauyen na da sunayen gonakin da ke karɓar masu ziyara lokacin tatsar yamma, kuma sai an kira su tun da wuri kafin a je.